Ƙwayar Lebur

Shekara goma sha tara ina jera bulo a Mpape,
ban taɓa tambayar ƙasa ko ta yarda ba.
In haƙa, in zuba kankare, in ɗora,
ta ɗauka, ba ta ce uffan ba.

Daren Laraba, bayan isha'i,
Kyauta tana tace gasarar safe,
sai ludayi ya kama rawa a bakin ƙwarya shi kaɗai.
Kwanon rufi ya amsa kamar an watsa masa tsakuwa.
Na ce masu nakiya ne a bayan dutse,
sai na tuna su da rana suke fasawa,
kuma nasu ta kunne yake shiga, ya wuce.
Wannan daga ƙarƙashin tabarma ya taso,
ya bi ta tafin ƙafa, ya tsaya a haƙora.

Duk layinmu ya fito:
wani da buta, wani da takardar fili,
Jatau mai shayi rungume da kwalin madara
kamar jaririn da aka ba shi amana.
Muka tsaya tsakar titi muna kallon sama,
don ba mu saba neman abin tsoro a ƙasa ba.

In gobara ce, ka nufi ruwa.
In ambaliya ce, ka hau tudu.
To, yau tudun ne ya motsa,
sai ina?

Can gangare fitilun Maitama na nan lafiya lau,
ko ɗaya bai ƙifta ba.

Baba Shekwolo bai tashi daga kujerarsa ba.
Ya ce kakarsa ta noma doya
daidai inda gidan mai yake yanzu,
ita ce take cewa dutse ma yakan juya
in gefe ɗaya ya gaji da kwanciya.
Muka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki.

Kwana uku sai ga wata yarinya da hular kwano,
ta binne na'ura kusa da masallaci,
ta nuna mini zane mai karkarwa
kamar rubutun tsoho a kan allo.
Ta ce akwai tsohuwar tsaga can ƙasa,
ta girmi birnin, ta girmi sunan dutsen.
Na ce, yaushe zai dawo?
Ta ce, Baba, ranar kam ba wanda ya sani.
Na ji daɗin da ba ta yi mini ƙarya ba.

Ni kuwa akwai abin da na sani.
Na san benen Malam Zubairu
inda aka biya rodi goma na sa bakwai.
Na san buhun simintin da na ja
har ya haifi bulo sittin.
Da asuba na je na tsaya a gindin bangon,
ga tsaga siririya daga taga zuwa harsashi,
jikarsa tana cusa tsinken tsintsiya a ciki, tana wasa.
Ruwa ba ya tsami banza.
Ban gaishe da kowa ba, na juyo.

Na dawo gida na ɗauko lebur,
na aza shi a daɓen da ni na yi da hannuna.
Ƙwayar ruwan da kullum take zama tsakiya
ta gusa gabas, faɗin ƙwayar shinkafa.
Na goge shi da bakin riga, na sake azawa.
Tana nan inda ta koma.

Yanzu takalmana a bakin ƙofa suke kwana.
Kyauta kan kifa kwalba a kan tire kafin mu kwanta,
wai ita ce mai gadinmu.
Jiya yaron aikina ya ga na ƙara siminti a kwaɓi,
ya ce, Oga, mai gida bai ce a ƙara ba.
Na ce, zuba ruwa kawai,
ba da shi nake magana ba.